Gida Mai Sarrafa Kansa: Isa Gare Shi Daga Nesa da Tanadin Wutar Ko-ta-kwana



Gabatarwa

Maganar wannan lacca ta shafi wani ɗan akwati ne wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba, amma a gidaje da yawa na duniya a yau shi aka danƙa wa ragamar gida. Shi ke kunna fitilu idan magariba ta yi, shi ke tayar da injin jawo ruwa idan tanki ya sauka, shi ke lura da ƙofa da taga, shi ne kuma ke aika wa maigida labari ta wayarsa in wani abu ya motsa a tsakar gida cikin dare. Wannan akwati shi ake kira cibiyar na'urorin gida, kuma don sauƙi za a riƙa ce masa cibiya kurum. Aikinsa ya yi kama da na sarkin gida a manyan gidajen sarauta, wanda barori ke karɓar umurni daga bakinsa, shi kuma ya kai wa maigida rahoton abin da gida ke ciki.

A ƙaddara wani ma'aikaci ne aka yi wa canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, ya bar gidansa da iyalinsa a baya, ya kuma kafa irin wannan cibiya domin hankalinsa ya kwanta. Tambayoyi biyu ne za su fuskance shi tun daren farko. Ta ɗaya, ta wace hanya zai yi magana da cibiyar alhali yana nesa? Ta biyu, me zai faru da ita idan an ɗauke wuta? Mutane sukan ɗauki waɗannan a matsayin matsaloli biyu dabam, amma a haƙiƙa guda ce, domin lokacin da maigida ya fi bukatar ganin gidansa daga nesa shi ne lokacin da unguwa ta yi duhu, kuma shi ne daidai lokacin da na'urorin da za su kai masa labari suke mutuwa. Abin da wannan lacca ke son tabbatarwa shi ne, saƙon da ke tafiya tsakanin maigida da gidansa yana bin sarƙa ne mai ƙulli da yawa, kuma ba za a ce gidan ya tsaru ba sai an ba kowane ƙulli wutarsa, an yi wa ƙofar shiga kulle, an kuma bar wa mutanen gida damar yin kome da hannunsu ranar da sarƙar ta tsinke.

Asalin Al'amarin

Tunanin sarrafa kayan gida da na'ura ba sabon abu ba ne. A shekarar 1975 wani kamfani mai suna Pico Electronics a garin Glenrothes na ƙasar Sikotland ya ƙirƙiro wani tsari da ake kira X10, wanda ke aika umurni ta cikin wayoyin lantarkin gidan kansu, har mutum ya iya kashe fitilar wani ɗaki daga ɗakin da yake zaune. Daga baya aka koma aika umurnin ta iska. Tsarin Zigbee, wanda aka tabbatar da ƙa'idojinsa a 2004, da na Z-Wave wanda kamfanin Zensys na ƙasar Denmak ya fito da shi, su suka ba ƙananan na'urori damar yin magana da juna da 'yar wuta kaɗan, har wata na'urar lura da ƙofa takan yi shekara ko fiye da ƙaramin batir guda. A watan Oktoba na 2022 kuma aka fitar da tsarin Matter, wanda manyan kamfanoni irin su Apple da Google da Amazon da Samsung suka haɗa kai a kansa, domin kayan wannan kamfani su fahimci harshen na wancan.

Duk waɗannan na'urori, ƙwan lantarki ne, ko makunni, ko kulle, ko kyamara, suna bukatar wanda zai tattara maganarsu ya yanke shawara. Wannan shi ne aikin cibiya. To, a nan ne kuma ya kamata mai saye ya fara buɗe ido, domin cibiyoyin iri biyu ne.

Cibiya Mai Tunani a Gida da Mai Tunani a Waje

Iri na farko shi ne wanda tunaninsa ba ya cikin gidan. Idan maigida ya danna wayarsa don kunna fitilar zaure, umurnin yakan fita ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera na'urar, waɗanda sau da yawa suna Amurka ko Turai ko Sin, sa'an nan ya dawo cikin gidan. Irin wannan yana da sauƙin kafawa ƙwarai, amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma tarihi ya nuna haka a fili. A 2014 kamfanin Nest, wanda ke ƙarƙashin Google, ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Revolv, sai a watan Mayu na 2016 ya rufe kwamfutocin da cibiyoyin Revolv suka dogara da su. Akwatunan da mutane suka saya a kan kimanin dala 300 suka daina aiki alhali babu abin da ya lalace a jikinsu. A watan Afrilu na 2022 kamfanin Insteon ya kashe nasa kwamfutocin ba tare da gargaɗi ba, sai da wasu daga cikin masu amfani da kayansa suka haɗu suka sayi kamfanin kafin aka tayar da su. Har wa yau, ranar 7 ga Disamba 2021, wata matsala da ta auku a kwamfutocin Amazon na gabashin Amurka ta hana mutane da yawa ganin kyamarorin ƙofarsu na Ring, ta kuma hana wasu sarrafa injinan shara na Roomba, alhali wuta da intanet ɗin gidajensu lafiya lau.

Iri na biyu shi ne wanda tunaninsa ke cikin gidan. Misalinsa da ya fi shahara shi ne manhajar Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara rubutawa a 2013, kuma kowa na iya ɗaukarta kyauta. Mutane da yawa sukan ɗora ta a kan 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda aka fara fitarwa a Ingila a 2012. A irin wannan tsari, dokar da ke cewa a kashe injin ruwa idan tanki ya cika tana ajiye ne a cikin akwatin da ke ɗakin maigida, saboda haka ko intanet ta yanke injin zai tsaya a kan lokacinsa. Amma dogaro da kai yana da nasa nauyi. Wanda ya zaɓi wannan hanya shi ne zai gina wa kansa hanyar shigowa daga nesa, shi ne kuma zai tanadi wuta. Sauran bayanin duka a kan wannan iri na biyu zai fi karkata, ko da yake darussan sun shafi na farkon ma.

Hanyoyin Isa ga Cibiya Daga Nesa

Kowace na'ura da ke kan intanet tana bukatar adireshi, kamar yadda wasiƙa ke bukatar lambar akwatin gidan waya. Tsohon tsarin adireshi, wanda ake kira IPv4, yana da lambobi kimanin biliyan 4.3 ne kawai, kuma tun watan Fabrairu na 2011 hukumar duniya mai raba su ta raba na ƙarshe da ke hannunta. Don haka kamfanonin sadarwa, musamman na wayar hannu, suka koma haɗa gidaje da yawa a bayan adireshi guda. Gidan da ke samun intanet ta layin waya yana iya aika saƙo waje, amma wanda ke waje ba ya iya ƙwanƙwasa masa ƙofa kai tsaye, domin ba shi da lambar da ta zama tasa shi kaɗai. Ko gidan da ke da tasa lambar ma, takan canza daga lokaci zuwa lokaci, sai an yi rajistar wani suna tsayayye wanda zai riƙa bin lambar duk inda ta koma.

Hanyoyi uku ne aka saba bi. Ta farko ita ce a buɗe kafa a jikin rauta, watau na'urar da ke raba intanet a cikin gida, a ce duk wanda ya zo ta kafa mai lamba kaza a wuce da shi wajen cibiya. Home Assistant, alal misali, tana sauraro ne ta kafa mai lamba 8123. Wannan hanya ba ta bukatar biyan kowa, amma ba ta aiki ga gidan da ba shi da adireshin kansa, kuma ta fi sauran haɗari, domin tamkar huda katanga ce a bar ta tana kallon titi. Akwai kwamfutoci da ba su da wani aiki dare da rana sai zagaya intanet suna taɓa kowace kafa su ji wadda ke buɗe. Tun 2009 ma akwai wata ma'adanar bincike mai suna Shodan wadda ke jera irin waɗannan na'urori ga duk mai son dubawa.

Hanya ta biyu ita ce ta ɗan aike. Cibiya ce da kanta ke fita ta ƙulla zumunci da wata kwamfuta a waje, wayar maigida ita ma ta je can, a sada su. Ba a buɗe kome a jikin rauta, kuma tana aiki ko da gidan ba shi da adireshin kansa. Kamfanin Nabu Casa, wanda masu Home Assistant suka kafa a 2018, yana yin wannan hidima bisa biyan kuɗi. Aibinta shi ne an koma dogaro da wani, amma da bambanci babba tsakaninta da abin da ya sami masu Revolv, domin idan ɗan aiken ya faɗi, hanyar nesa ce kawai ta toshe, gidan kuwa yana ci gaba da aikinsa.

Hanya ta uku ita ce keɓaɓɓiyar hanyar nan da ake kira VPN. Wayar maigida da wata na'ura a cikin gidan sukan riƙe makullai na sirri da su kaɗai suka sani, duk abin da ya wuce tsakaninsu kuma a rufe yake, wanda ya tare shi a hanya ba zai iya karantawa ba. Da zarar an haɗa, wayar takan zama kamar tana cikin gidan. Tsarin WireGuard, wanda Jason Donenfeld ya rubuta kuma aka shigar da shi cikin ƙashin bayan manhajar Linux a watan Maris na 2020, yana da wata ɗabi'a mai kyau, ba ya amsa wa wanda bai zo da makulli ba, har mai zagaye ya zaci babu kowa a wurin. Hidimar Tailscale, wadda aka gina a kansa, tana iya sada na'urori biyu ko da dukansu suna bayan adireshin haɗaka. Idan za a kwatanta da ginin gargajiya, hanya ta farko ƙofa ce da ta buɗe kai tsaye cikin tsakar gida, ta ukun kuwa zaure ce, inda baƙo zai tsaya a tantance ko shi wane ne kafin ya wuce ciki.

Kullen Ƙofa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a faɗin duniya, kuma dabararta ba ta wuce gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu suka saba sa wa kayansu ba, waɗanda masu saye ba su damu da canzawa ba. Ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara aka tura waɗannan na'urori suka afka wa kamfanin Dyn, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga jama'a masu yawa a Amurka da Turai. Masu kyamarorin ba su ma san ana yaƙi da kayansu ba. Irin wannan ne ya sa Birtaniya ta kafa doka, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu 2024, mai hana sayar da na'urorin intanet da kalmar sirri mai sauƙin cinka.

Darasin a bayyane yake. Lalle a canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita tun ranar farko, a kuma sa mai tsawo wadda ba a amfani da ita a wani wuri. A ƙara shaida ta biyu, watau lambar nan da ke canzawa a wayar maigida, domin wanda ya saci kalmar sirri kaɗai ya tarar da wani kullen. A riƙa sabunta manhaja idan masu ita sun fitar da gyara. Kowane mutum a gidan a ba shi nasa sunan shiga, domin ranar da waya ta ɓace ko wani mai aiki ya bar gidan, a soke nasa kawai. Cibiyar da ke iya buɗe ƙofar gida ta kuma nuna ɗakunan iyali, amana ce da ta fi ƙarfin sakaci.

Sarƙar Wuta

Yanzu sai batun wuta, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Kada a zaci matsalar ta wasu ƙasashe ce kaɗai. A watan Fabrairu na 2021 tsananin sanyi ya jefa gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 4 cikin duhu a jihar Texas ta Amurka, kuma ranar 28 ga Afrilu 2025 kusan dukan Sifen da Fotugal suka rasa wuta na awowi masu yawa, har layukan waya suka yi ta mutuwa. Sai dai a can ɗaukewar wuta baƙuwa ce, a wannan yanki kuwa 'yar gida ce. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin arewacin Nijeriya sun yi fiye da mako guda ba wuta saboda lalacewar manyan layukan dakonta. A watan Agusta na 2023 kuma, bayan juyin mulki, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. Yawancin kayan nan an ƙera su ne bisa zaton wuta ba ta yankewa, saboda haka wanda zai kafa su a nan sai ya cike giɓin da kansa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba cibiya batir a manta da abokan tafiyarta. Saƙon da zai isa ga ma'aikacin nan a Abuja sai ya bi ta na'urar lura, ya shiga cibiya, ya wuce rauta, ya bi ta akwatin da ke haɗa gidan da kamfanin sadarwa, sa'an nan ya kai ga hasumiyar kamfanin. Cibiya mai rai a bayan matacciyar rauta kamar mai gadi ne da ya ga ɓarawo amma muryarsa ta dishe. Don haka duk ukun da ke cikin gida, cibiya da rauta da akwatin haɗi, dole su ci daga batir guda ko kowanne ya sami nasa.

Janareta ba ya magance wannan shi kaɗai, domin tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da shi akwai daƙiƙoƙi ko mintoci, kwamfuta kuwa ƙiftawar ido ta ishe ta mutuwa. Abin da ke riƙon ƙwarya a wannan tsakani shi ne akwatin da ake kira UPS, wanda ke da batir a ciki kuma yakan karɓi aiki cikin kashi kaɗan na dubun daƙiƙa. Akwai kuma iri mai tsada wanda kullum ta cikinsa wuta ke wucewa, saboda haka babu tsakani ko kaɗan. Amma a lura, lambar da ake rubutawa a jikin akwatin, kamar 650, tana nuna nauyin da zai iya ɗauka ne, ba ta faɗin tsawon lokacin da zai ɗauke shi. An yi yawancinsu ne don ba ma'aikacin ofis mintocin da zai ajiye aikinsa ya kashe kwamfuta, ba don su raya gida dare guda ba.

Lissafin Batir

Lissafin ba shi da wuya, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya iya shi. A ƙaddara cibiya tana cin wat 5, rauta wat 10, akwatin haɗi wat 5. Jimla wat 20 ke nan. Idan ana so su yi awa 10 ba wuta, sai a ninka 20 sau 10, a sami wat-awa 200. Ƙaramin batirin da ke cikin UPS na ofis yawanci mai bolt 12 ne da amfiya-awa 7, watau 12 sau 7, wat-awa 84. Irin wannan batir na darma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro asalinsa a 1859, ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi, in ba haka ba sai ya tsufa da wuri. Abin da za a iya ci daga cikinsa ke nan wajen wat-awa 42, wanda bai wuce aikin awa 2 ba. Mai son awa 10 da batirin darma sai ya nemi mai amfiya-awa 35 zuwa 40.

Akwai kuma batirin litiyam mai ƙarfe da fosfet, wanda ake rubuta wa LiFePO4. Mai bolt 12.8 da amfiya-awa 20 yana ɗauke da wat-awa 256, kuma ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye ba tare da cutar da shi ba, ana kuma iya cika shi a zuƙe sau dubbai, alhali na darma ɗaruruwa yake jurewa. Ya fi tsada ranar saye, amma a wurin da ake ɗauke wuta kowace rana ya fi araha idan aka lissafa shekaru. Zafi ma abin lura ne, domin ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan digiri 25 yana rage rayuwar batirin darma da rabi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, batirin da aka ajiye a ƙarƙashin rufin kwano ba zai kai shekarun da aka rubuta a kwalinsa ba. Wuri mai inuwa da iska ya kamace shi.

Wata dabara kuma ita ce a guje wa juya wuta sau biyu. Batir yana ba da wuta mai tafiya hanya ɗaya, inbata ta juya ta zuwa irin ta soket mai bolt 230, sa'an nan cajar rauta ta sake mayar da ita bolt 12, ta Raspberry Pi kuma bolt 5. Kowane juyi yana da asara, kuma idan kayan da ake rayawa ƙanana ne, abin da babbar inbata ke ci don kanta yana iya kusantar abin da su suke ci. Shi ya sa ƙananan akwatunan batir masu ba da bolt 12 da bolt 5 kai tsaye suka fi dacewa da wannan aiki. Wanda ke son ya huta da jiran wutar gari gaba ɗaya, ya sani kayan wat 20 suna cin wat-awa 480 a yini da dare, kuma farantin hasken rana mai wat 150 yana iya biyan wannan a ƙasar da rana ke da ƙarfi, muddin ana share masa ƙurar hunturu, batirin kuma ya isa ya kai su asuba.

Abubuwan da Aka Saba Mantawa

Na farko shi ne katin ajiya. Raspberry Pi takan ajiye manhajarta a ɗan katin memori, kuma idan wuta ta yanke tana cikin rubutu a kansa, yana iya lalacewa har na'urar ta ƙi tashi. Maganinsa shi ne a haɗa UPS da cibiya da waya, domin idan batir ya kusa ƙarewa ya sanar da ita ta kashe kanta cikin tsari. Akwai manhaja mai suna Network UPS Tools da ke wannan aiki. A kuma riƙa kwafe saitin cibiyar ana ajiyewa a wani wuri da ba cikin gidan ba.

Na biyu shi ne tashi bayan mutuwa. Sai a tabbata kowace na'ura za ta kunna kanta idan wuta ta dawo ba tare da an danna mata kome ba, domin mai dannawar yana Abuja. Na uku agogo ne. Raspberry Pi ta 4 ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe ta, daga intanet take tambayar lokaci, saboda haka in ta tashi babu intanet tana iya kunna fitilun waje da tsakar rana. Ta 5, wadda ta fito a 2023, tana da agogon, sai dai a saya mata ɗan batirinsa.

Na huɗu ya shafi Zigbee. A wannan tsari na'urorin da ke jone da wutar gida su ke miƙa saƙo daga wannan zuwa wancan har ya kai ga cibiya, masu batir kuwa ba sa miƙa na kowa. Idan aka ɗauke wuta, 'yan miƙon duka sun mutu, na'urar da ke ƙofar waje tana da rai amma muryarta ba ta kaiwa, sai ta yi ta neman hanya har batirinta ya ragu. Saboda haka a sa cibiya a tsakiyar gida, a kuma ba ɗaya ko biyu daga 'yan miƙon wutar ko-ta-kwana.

Na biyar, wanda ya fi duka nauyi, shi ne kulle. Kullen maganaɗisu yakan saki idan wuta ta yanke, wani irin kuma yakan zauna a rufe. Na farko yana barin gida a buɗe ga ɓarawo, na biyu yana iya tsare iyali a ciki ranar gobara idan ba a bar masa hannun buɗewa daga ciki ba. Dole maigida ya san wanne ya saya, dole kuma a sami makulli na ƙarfe a hannun mutanen gida. Haka nan kowace fitila da injin ruwa su kasance da makunnin da tsohuwa ko yaro zai iya taɓawa ba tare da waya ba.

Iyakar Abin da Tanadi Zai Iya

Ko an yi duk wannan, akwai ƙullin da ba ya hannun maigida. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet guda huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni ƙwarai a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu na kwanaki. A watan Satumba na 2021 kuma hukumomi suka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu yankunan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Layi na biyu daga wani kamfani dabam yana taimakawa idan na farko ne kaɗai ya faɗi, saƙon waya na rubutu kuma yakan wuce a lokacin da intanet ta yi nauyi. Yana da kyau kuma a sa wata kwamfuta a waje ta riƙa jiran gaisuwar cibiya bayan kowane 'yan mintoci, idan ta ji shiru ta sanar da maigida, domin cibiyar da ta mutu ba ta iya ba da labarin mutuwarta. Amma ranar da aka rufe layuka duka, abin da zai rage shi ne dokokin da ke cikin akwatin, da makullin ƙarfe, da maƙwabcin kirki wanda zai leƙa ya ga lafiyar gidan.

Kammalawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ma'aikacin nan ya kama hanya, ya kamata ya yi gwaji uku da idonsa. Ya kashe wutar gidan daga babban makunni ya duba awa nawa kayan za su yi. Ya cire intanet ya ga ko fitilu da injin ruwa za su bi dokarsu. Ya bar batir ya ƙare sarai, ya mayar da wuta, ya ga ko kome zai tashi da kansa har ya iya shiga daga waje ta layin wayarsa. Ya kuma maimaita gwajin lokaci-lokaci, domin batir yana tsufa ne a ɓoye.

Ga ma'aikatan da ke sayo irin waɗannan kaya don ofisoshi da gidajen gwamnati, tambayoyin da za su yi wa ɗan kwangila ke nan: shin kayan suna aiki idan babu intanet, me zai faru idan kamfanin ya rufe, awa nawa batir zai riƙe dukan sarƙar, kuma wa ke riƙe da kalmomin sirri bayan an gama aiki? Ga ɗalibai kuwa, musamman na fannin lantarki da kwamfuta, ga fili nan a buɗe. Cibiyar da za ta jure zafin bazara da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta ta kowace rana, waɗanda ke zaune cikin wannan hali su suka fi kowa sanin yadda ya kamata a ƙera ta.